Tsohuwar Motar Shanu: A Gyara Ta Ko A Sake Wata?

Waɗanda suka halarci taron ƙungiya da ya gabata sun ga yadda aka yi ta ja-in-ja a kan wata magana wadda ba dominta aka kira taron ba, wato maganar tsofaffin motoci. Wani ya ce tasa ta cinye masa jari, wani ya ce shi ko kyauta aka ba shi sabuwa ba zai rabu da tasa ba. Da aka tashi sai shugabanni suka ce tunda mu abin ya faɗa mana, mu rubuta yadda muka yi don kowa ya karanta a tsanake. To ga shi, kuma ba mu ce namu ne daidai ba.

Mu uku muka haɗa hannu muka sayi motar a shekarar 2010. DAF 95XF ce, kai da tirela, ƴar Kwatano, takardunta sun nuna ƙirar 1999 ce. Ranar da ta shigo Maraɗi agogonta yana nuna kilomita 600,000 da ƴan kai, ko da yake tun a ranar makanikenmu ya yi dariya ya ce agogon motar Kwatano kamar shekarun bazawara ne, abin da aka faɗa maka shi za ka ɗauka. Bayan shekara huɗu agogon ya tsaya cik, ba mu gyara shi ba. Tun daga nan ta kwaso mana shanu daga Dakwaro, Mayahi da Tasawa, ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ta je Mai'aduwa, ta je Yamai ba adadi. Bijimi talatin zuwa talatin da biyar take ɗauka, gwargwadon girmansu da tsawon ƙahonsu, don jajayen shanun Bororo sun fi na Azawak cin wuri. Direbanmu da yaransa Tsohuwa suke ce mata. Da ita aka aurar da ƴaƴa, da ita biyu daga cikinmu suka sauke farali.

A watan Mayu na 2025, ana saura ƴan makonni Layya, gwamnati ta hana fitar da dabbobi waje domin ragon Layya ya yi wa talaka sauƙi. Ragunan da muka tara da niyyar Najeriya sai muka juya da su Yamai, kamar yadda da yawa daga cikinku suka yi. Muka yi lodi hawa biyu, balami da uda guda 180, aka tashi daga Maraɗi da asuba. Tafiyar kilomita 660 ce ko kusa da haka, wadda Tsohuwa ta saba yi ba ta ko tari. Bayan an wuce Ƙonni, ba a kai Dogon Dutsi ba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na rana, allurar zafi ta haye ja. Direba ya tsaya, yaron mota cikin gaggawa ya kwarara ruwan sanyi a lagireto inji yana tafasa, kan inji ya tsage. Da aka zaro sandar awon baƙin mai sai ga shi ya koma fari-fari kamar an dama fura, wato ruwa ya gauraya da mai. Nan motar ta kwana biyu.

Abin da mai dakon siminti ko albasa bai sani ba, mu mun sani: motar dabbobi tafiyarta ita ce iskarsu. Da ta tsaya a ranar bazara, bodin ƙarfe ya zama tanda, kuma na hawan ƙasa su ke fara shaƙewa. Babu tudun sauke kaya a wurin, sai da yara suka riƙa miƙo raguna ɗaya-ɗaya da hannu. Mutanen wani ƙauye da ke kusa, Allah Ya saka musu da alheri, suka kawo ruwa a amalanken jaki, amma rago 180 ba bido goma ke isarsu ba. Kafin la'asar huɗu sun zama mushe, bakwai kuma aka yi sauri aka sa musu wuƙa aka bai wa mahauta a kuɗin da ba ya faɗuwa. Motar haya a makon da kowa ke neman mota, kun san yadda ake yi: wanda ya yarda ya zo ya kwashe su sai da ya karɓi kusan ninki biyu na kuɗin Maraɗi zuwa Yamai, alhali rabin hanya zai yi. Muka isa Turaku kasuwa ta cika maƙil, ragunanmu sun zube, gashi ya tashi, duk mai saye ya taɓa ƙugu sai ya taya abin da ya ga dama. Da muka rufe lissafi, hasarar wannan tafiya guda ta kai kuɗin bijimi bakwai.

Mun faɗi bijimi da gangan. Mu da ke sayen kaya da sefa, mu sayar da naira, a kawo mana kayan mota da aka sayo da yuro ko kuɗin Sin, idan muka ce za mu yi lissafi da kuɗi sai kai ya juye, musamman tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023 ta yi ta gangarawa. Saboda haka muka mai da komai ga abin da muka sani, wato bijimi matsakaici irin wanda ake lodawa kullum.

Bayan Salla muka zauna a zauren babbanmu. Ƙaraminmu, wanda da ma shi ke riƙe da littafin mota, ya buɗe da zafi ya ce, "Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri, motar ga ta gama aikinta. Abin da munka zuba mata shekara ukun ga da mun tara shi da mun yi rabin wata." Babbanmu ya ce, "Kai yaro ne. Da tsohuwar zuma aka magani. Wadda kaka so mu saye, ka san mi ke cikinta?" Aka yi ta yi har aka kira magariba ba a tsai da magana ba. Sai muka yarda a kan abu biyu: a karanta littafin mota tun daga farko, kuma a sa makanike ya kwance ta ya gaya mana gaskiya tsakaninsa da Allah, mu biya shi ladan dubawa daban don kada kwaɗayin aikin ya sa ya ƙawata mana ita.

Littafin ya ba kowa kunya. Ƙaraminmu ya haɗa taya, batir, baƙin mai, birki, asuransi da kuɗin wizit duk a cikin abin da ya kira kuɗin gyara, alhali waɗannan ko sabuwa ka saya fil sai ka biya su, wasu ma su fi tsada. Da aka ware su, ainihin gyaran tsufa, wato kuloci, sifirin, famfon ruwa, walda da makamantansu, bai wuce bijimi uku a shekara ba. A nan babbanmu ya fara murmushi. To amma akwai wani abu da ba a taɓa rubutawa ba, sai da muka zauna da direba yana tunowa muna ƙirgawa: kwanakin da motar ta yi a gareji ranar da ya kamata tana kasuwa. A shekarar da ta gabaci wannan hasara, kasuwa tara ta wuce mu, kuma sau uku ta tsaya da dabbobi a kanta, Allah Ya rufa asiri duk kusa da gari ne kuma da sanyin safiya. Wato ta daɗe tana yi mana gargaɗi, mu ne muka riƙa duban rasit ɗin makanike muna cewa ai da sauƙi. Murmushin Alhaji ya ɗauke.

Makaniken, dattijo ne da ya koyi aiki tun zamanin Berliet, bai fara da inji ba. Ya sa aka wanke motar tas, aka kwashe yashin da ke bodi, ya shiga ƙarƙashinta da tocila da ƴar guduma yana ƙwanƙwasa shasi taku-taku. Ya ce mana inji baƙo ne, ana sauke shi a ɗora wani, haka giya, haka aksul, amma shasi shi ne motar. Idan ya tsage a wurin da sifirin ke kamawa ko ƙarƙashin farantin da tirela ke zama, aka yi walda ya sake tsagewa a gefen waldar, to ƙarfen ya gaji, duk abin da ka ɗora a kai ka zuba ruwa a rariya. Kuma ya tuna mana wani abu da ya shafe mu mu kaɗai: fitsarin shanu da kashinsu suna cin ƙarfe fiye da ruwan sama. Tirelar da ta shekara goma tana dakon dabbobi ba a kwashe yashi a wanke bayan kowace tafiya, daga sama za ka gan ta garau, ƙasanta kuwa kamar gara ta ci zana. Namu sakamakon ya zo rabi da rabi. Shasin kan motar lafiya lau, ba walda ko ɗaya. Tirelar kuwa ƙarafan da ke gicciye ƙarƙashin daɓenta guda shida sun ruɓe, har ya soka sukundireba ta wuce. Da wata rana bijimi ya zurma ƙafa ana cikin gudu, da wani labarin ake yi.

Injin ma ya yi mana bayaninsa yadda za mu gane, kuma muna ganin yana da amfani ga duk mai mota ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Hayaƙi baƙi gazuwal ne ba ya ƙonewa daidai, galibi noza ko matatar iska, gyaransa da sauƙi. Hayaƙi shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi sun cinye. Fari mai kauri bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Idan bututun numfashin inji yana huci kamar tukunyar dambu, ko allurar mai tana faɗuwa in mota ta yi zafi tana tsaye, to babban aiki ya zo. Namu ya ce abin da ya kashe shi ba tsufa ba ne kaɗai. Lagireton ya toshe daga waje da ƙura da gashin dabbobi, daga ciki kuma da gishirin ruwan rijiyar da yara ke ɗurawa duk inda suka samu. Wankin da bai kai kuɗin ɗan akuya ba, shi muka yi ta ɗagawa sai bayan Salla, sai bayan damina. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ya yi mana ƙiyasi: a sauke inji a sa layina da fistan da ringi da metal sababbi, a samo kan inji na hannu mai kyau, a sa sabon lagireto, a sake ƙarafan tirela da daɓenta, duka bijimi takwas zuwa tara. Kayan kuwa akwai su a Ƙofar Ruwa ta Kano, in an rasa a aika Ladipo a Legas, kuma faɗuwar nairar da ke cin mu a wajen sayar da shanu a nan ta zame mana sauƙi, don sefarmu tana sayen kaya da yawa a can.

Sai muka juya ga ɗaya hannun. Kan mota na hannu daga Turai, kafin a gama da duwan da kart giriz ya fara aiki, abin da aka faɗa mana bai gaza bijimi arba'in ba. Sabuwar Howo ta ƙasar Sin kusan ninkin haka. Hanyar kawowa ma ta sake. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 gadar ba ta koma aiki ba, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina cikin ayari da rakiyar soja, ga jira ga ƙarin kuɗi. Sannan ga abin da Alhaji ya tambaya, mi ke cikinta? Motar da Bature ya sallama ya riga ya sha romonta, kuma agogonta ba shaida ba ne. Yawancin waɗanda aka ƙera daga wajen 2006 zuwa yau suna da tanki na biyu na wani ruwa da ake kira AdBlue, kuma kwamfuta ke tafiyar da injin, in ta ga abin da bai yi mata ba sai ta rage wa mota ƙarfi da kanta, ka ga ƙatuwar tirela tana rarrafe kamar amalanke. Wannan ba aikin guduma da sifana ba ne, sai mai na'ura ya zo, kuma mai na'ura ba ya zaune a Dakwaro. Tsohuwa kuwa famfonta irin na da ne, duk garin da ke kan babbar hanya daga Dosso zuwa Damagaram akwai wanda zai kwance shi a kan tabarma ya mayar. Ba muna kushe sababbin ba ne. Suna shan gazuwal kaɗan, direba yana hutawa a cikinsu, kuma ƴan uwa da suka sayi na Sin sun ce kayan gyaransu sun fara yawa a kasuwa. Amma wanda zai saya ya fara tambayar wa zai gyara masa ita a hanyar da yake bi, kafin ya tambayi kuɗinta.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne ina kuɗin za su fito. Bijimi arba'in ya fi lodin mota guda, wato jarin da muke juyawa ne gaba ɗaya. In mun zuba shi a ƙarfe, mun zama masu mota marasa shanu, sai dai mu koma dakon kayan wasu. In kuma bashi ne, bashin banki mai ruwa mun rufe wannan ƙofa tun ba a buɗe ta ba, don abin da muka karanta a gaban malamanmu a kan riba bai bar wurin shawara ba. Akwai hanyar murabaha da bankin Musulunci ke yi, ya sayi motar ya sayar maka da riba sananniya ka biya kashi-kashi, kuma malamai da yawa sun halatta ta in an cika sharuɗɗanta. Sai dai halaccinta bai hana wata ya ƙare ba. Ku duba abin da ya faru a shekara shida kacal: Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023 sai a Maris na 2024 aka buɗe, ga kuma hanin fitar da dabbobi na 2025. A kowanne daga cikinsu Tsohuwa ta kwanta a gindin bedi ba ta tambaye mu ko dala ba. Motar bashi kuwa ko tana kwance tana ci. Mu da muke samari muna bin iyayenmu kasuwa a Janairun 1994, mun ga yadda aka kwana faran ɗin Faransa yana sefa 50 aka tashi yana sefa 100, kayan mota suka ninka dare ɗaya, waɗanda suka ɗauko sababbi da alkawarin biya suka rasa inda za su sa kansu, masu tsofaffin Berliet kuwa suka ci kasuwa don a lokacin shanunmu sun samu shiga a ƙasashen gaɓar teku.

Ƙaraminmu ya kawo wata shawara, cewa a yi mata gyaran ganin ido, a sa mai mai kauri, a fesa fenti a kai ta tasha a sayar. Wannan ba mu daɗe a kanta ba. Babin ciniki na Risala da muka karanta tun muna yara ya hana algus da ɓoye aibin kaya, kuma mu da ke rigima da duk wanda ya ɗura wa sa ruwa da kanwa kafin ya shigo da shi kasuwa, ba mu da bakin yin irinsa da mota. Balle wanda zai saya ɗan uwanmu ne a wannan sana'a, dabbobi zai ɗora, kuma ƴaƴan mutane za su hau bisa. In an faɗi aibinta kuwa, kuɗin da za a taya bai fi na ƙarfen kilo da kaɗan ba. Shi ma da ya ji haka ya janye, ya ce zafin hasara ne.

Ga abin da muka tsaya a kai. Mun gyara ta, gyara na gaskiya, bijimi tara cif ya ci, kuma muka sa ɗanmu ya tsaya a gareji ya ga kowane ƙarfe da aka sa da wanda aka cire. Amma mun sauke ta daga doguwar hanya. Yanzu aikinta Dakwaro, Mayahi, Tasawa da bakin iyaka, inda in ta tsaya cikin awa biyu an kai mata ɗauki, kuma daga Maris zuwa saukar damina ba ta tashi da kaya sai bayan la'asar ko cikin dare. Yamai da duk abin da ya yi nisa haya muke ɗauka, da sharaɗin da ake faɗa gaban shaidu cewa in mota ta lalace mai ita zai kawo wata da kuɗinsa. Hayar tana cin riba, ba mu musa ba, direbanmu ma ya yi fushi na ƴan kwanaki don doguwar hanya ta fi kawo masa na cefane, sai da muka ƙara masa albashi. An gyara agogon kilomita, an ƙara shafi a littafi na kwanakin kwanciya, kuma mun rubuta mun sa hannu cewa ranar da shasin kan ya tsage, ko ta tsaya da dabbobi sau biyu cikin shekara guda, ba sauran zama a zaure, za a sayar da ita da aibinta a faɗe.

Kuɗin magajiyarta kuma ba a banki muke tara su ba. Duk tafiyar da ta yi, ana ware kuɗin ɗan maraƙi rabi ko guda a sayo a kai garke wajen wani Bafillace amininmu a arewacin Dakwaro, da sunan mota. Ƙaraminmu har yanzu yana cewa kafin maruƙan su zama bijimai Tsohuwa za ta sake kunyata mu, Alhaji kuma yana cewa ita za ta kai su kasuwa da kanta. Ranar da muke rubuta wannan, maruƙan sun kai goma sha ɗaya, ita kuma tana Tasawa tana lodi.